Karfasar Farkon Zafi da Hoton da Muka Goge

Ana idar da sallar asuba a masallacin layinmu na Jekadafari muka kama hanya, mu uku: ni, da yayana da muke ce wa Hamma, da wani abokina mai shagon kayan waya a Kasuwar Gombe. Kamun kifi za mu. Na san masu bibiyata za su yi dariya, su ce me ya haɗa tela da ƙugiya. To ku yi dariyarku, ni dai tun ina yaro nake son fatsa, kuma rabon da in ga ruwan da ya fi na randa har na manta. Tun da rikicin 'yan tada ƙayar bayan nan ya matso jiharmu kowa ya takure, daga gida sai shago, daga shago sai masallaci, can ma sai an shafa ka a ƙofa kafin ka shiga. Tun yanzu in gaya muku, ba zan faɗi sunan ruwan da muka je ba, ba kuma zan faɗi sunan kowa ba. Kada wanda ya biyo ni ta bayan fage yana tambaya.

Hamma sarin kifi yake yi, shi ya kawo shawarar. Ya ce sanyi ya wuce, zafi bai gama kankama ba, yanzu ne karfasa ke barin zurfi ta fito gefe inda ruwa ya yi ɗumi tana neman wurin zuba ƙwai, ko makaho ya jefa ƙugiya sai ya kama. Ya ce akwai wani dattijo da yake saye a hannunsa, zai ɗauke mu a jirginsa. Abokina yana ji ya ce da shi za a je. Mutumin da ko a kwalbati aka tara ruwa sai ya zagaye! Na san ba kifin ne ya dame shi ba, hoto yake so. Shi ko ƙosai ya saya sai duniya ta gani kafin ya kai baki, kuma duk wanda ya nemi abota a shafinsa karɓa yake, ya san shi ko bai san shi ba.

Motar Hamma tsohuwa ce, but ɗinta da igiya ake ɗaurewa. A nan muka zuba sandunan fatsa cikin buhu, da kula ta zuba kifi, da gwangwanin madara cike da tana da na haƙo a bayan gida. Sai da muka hango shingen farko, ganguna da buhunan yashi, sannan na tuno yadda kayan nan za su yi a idon mai bindiga: dogayen abubuwa a nannaɗe cikin buhu, ga kula a rufe, ga gwangwani an huda murfinsa. Aka ce mu fito, muka fito hannu a sama. Wani soja ya ja baya ya ce ni in buɗe gwangwanin da kaina. Na buɗe, tana ta yi ta mutsu-mutsu. Ya leƙo, ya yamutsa fuska, ya ce da Hausarsa ta bariki in mun dawo mu kawo masa babba guda. Muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba, muka wuce.

Hanya shiru. Da can irin wannan lokaci motocin kasuwa ne ke tsere a kanta, yanzu sai ka yi tafiya mai nisa ba ka gamu da kowa ba, sai gonaki da aka gama girbe su da shanu jefi-jefi. Duk babur ɗin da ya taso a bayanmu sai na ga Hamma ya kafe madubi da ido har ya wuce. Muka tsaya wani ƙauye muka sha shayi da burodi. Mai shayin yana ta ƙorafi, ya ce sukari ya tashi, madara ta tashi, masu shan ne kawai suka sauka. Da ya ji inda za mu, ya ce kifi yanzu ya zama na masu hali, tun da hanyar tafkin Chadi ta toshe kowa ya dawo kan ɗan ruwan da ke kusa.

A nan Hamma ya yi mana huɗuba. Ya ce masunta suna da ƙa'ida: ba a tambayar mutum inda ya kamo kifinsa, in ka matsa masa zai ce maka a ruwa. Wanda ya kai ka wurinsa amana ya ba ka. Ya ce bara wasu samari sun ɗora hoto da dutse a bayansu, kafin mako ya zagayo masu koma, wato babbar ragar kamun kifi, suka gane wurin suka share shi tas, har yau mai wurin ba ya amsa gaisuwarsu. Ya nuna abokina da cokalin shayi ya ce, “Da kai nake, sarkin ɗauka. Kada in ga dutse, kada in ga bishiya, kada in ga gaɓa.” Abokina ya dafa ƙirji ya ce, “Haba Hamma, ni ɗin? Ai ni na san kan waya.”

Rana ta ɗan ɗaga muka isa mashigar ruwan. Dattijon na zaune a gindin jirginsa yana gyaran igiya. Dogo ne, siriri, ba ya son magana, Hausarsa kuma da ji ka san ba ta nan ba ce. Baba muke ce masa. Ya dubi abokina sama da ƙasa, ya ce ya zauna a tsakiya, kuma ko me ya gani kada ya miƙe. Muka shiga da bismilla. Jirgin na ɗan karkatawa abokina ya fara salati da ƙarfi, ya riƙe gefe hannu bibbiyu, har Baba ya yi murmushi. Ya bi da mu ta cikin ciyawa, ya kurɗa nan ya kurɗa can, sai ga mu a wani lungu da ruwan bai fi ƙugu ba, garau, kana hango ƙasa. Ya nuna mana wasu 'yan ramuka kamar faranti a cikin yashi, ya ce aikin namijin karfasa ne, shi ke share ɗaki kafin amarya ta zo.

Jama'a, ban taɓa ganin cin ƙugiya irin na ranar ba. Kana jefawa tana ɗauka. Na farko da na ciro Hamma ya ce in miƙa wa Baba, haka ake yi, kifin farko na mai jirgi ne. Ƙanana kuwa Baba da kansa yake zare musu ƙugiya ya mayar. Na ɗan lokaci na manta da shinge, na manta da labaran rediyo, sai ƙarar ruwa da tsuntsaye. Can sai sandar abokina ta lanƙwashe. Ya yi ihu, ya manta da dokar zama, saura kaɗan ya kifar da mu. Da ƙyar aka ciro ta, karfasa ce mai faɗin tire, baƙa-baƙa, tana sheƙi. Nan take tsoron ruwa ya bar shi. Ya miƙo min wayarsa ya ce in ɗauka, yana ta gyara min tsayuwa, ka yi nan, ka sauko, dutse ya fito, ka koma can. A ƙarshe ya matsa jikin Baba, ya ce yawwa, yanzu babu abin da ya fito. Na danna. Gaskiyarsa, babu dutse babu bishiya, Baba ne ya cika bayan hoton gaba ɗaya.

Da azahar muka fito wani tudu muka yi salla. A kan ruwa babu netwok ko ɗigo, amma a tudun na ga abokina ya ɗaga waya sama yana zagaye kamar mai neman wata. Ban kawo komai a raina ba. Baba ya hura wuta, ya tsaga kifi huɗu ya barbaɗa gishiri da yaji ya gasa, muka jiƙa garin kwaki da ƙuli. Ban san ko yunwa ce ba, amma ban taɓa cin kifi mai zaƙin wannan ba. Muna cikin ci Baba ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Hoton nan da kuka yi da ni, a cikin wayar zai zauna ko?”

Abokina ya tsaya da tauna. Ya ce, “Baba, ai wurin bai fito ba.”

“Ba wurin nake tambaya ba, ɗana.”

Sai ya ba mu labari a gajarce, yana juya kifi a wuta. Daga bakin tafki ya zo, can wajen Baga. Ya san hanyoyin cikin ruwa, shi ya sa da yaran nan 'yan tada ƙayar baya suka shigo suka kama shi yana tuƙa musu jirgi, bindiga a ƙeyarsa. Wata rana ya samu sarari ya kife musu jirgi da kaya, ya bi ciyawa ya tsira. Sun yi rantsuwa a kansa. Ta ɗaya gefen kuma, wajen jami'an tsaro, in aka ji ya taɓa tuƙa su, kafin ya gama bayani an yi nisa da shi. A nan sarkin ruwa kaɗai ya san wannan, ko Hamma da ke ciniki da shi sai ranar ya ji. Ya ce, “Ni ba na so a san ina raye.”

Innalillahi. Na dubi abokina, fuskarsa ta gaya min komai tun kafin ya buɗe baki. Ya ɗora. Tun da muka hau tudun ya ɗora, har ya rubuta a ƙasa wai shi da babban malaminsa na kamun kifi. Ya zaro wayar, ya danna, ya sake dannawa, allo baƙi ƙirin. Neman netwok ya shanye cajin. Wadda na zo da ita ƙarama ce mai tocila, ta Hamma ma haka. Hamma bai yi zagi ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce kawai, “Ku tashi.” Baba ya ce mu ƙarasa cin abinci, babu wanda ya iya ƙara loma.

Komawa gaɓa ta yi min tsawo kamar ba hanyar da muka bi da safe ba. Ina ta lissafin mutanen da ke kallon fuskar Baba a daidai wannan lokaci, a Gombe, a Maiduguri, har inda ban sani ba. Wurin cajin motar Hamma ya daɗe da mutuwa. Mai caji na mashigar ya ce babu mai a janaretansa sai yamma. Muka bar Baba a nan, muka fizgi mota zuwa gari mafi kusa, Hamma na faɗa wa ramuka kamar ba motarsa ba. Muka samu wani mai caji a bakin tasha. Aka jona. Kun san yadda matacciyar waya take yi, sai ta gama jan rai kafin ta nuna alama. Mu uku muka tsaya a kanta kamar masu jinya, mai shagon har ya fara yi mana kallon tuhuma, don a kwanakin nan baƙo uku da suka zo a firgice ba abin so ba ne.

Ta kawo. Netwok ya zo ya tafi, ya sake zuwa. Hoton ya buɗe, laik ya taru, kwament sun yi layi: masu cewa a kawo musu miya, masu cewa sayowa ya yi, masu tambayar ina ne nan. Abokina na gangarawa da yatsa, sai idona ya faɗa kan wani. An kira wani suna da ban taɓa ji ba, ba shi ne sunan da ake kiran Baba da shi a mashigar ba, aka ce, “Kai ne? Ashe kana raye? Don Allah ina ne wurin nan?”

Na ce, “Goge! Goge shi yanzu!” Hamma ma ya ce a goge. Abokina ya danna, abin ya yi ta juyawa, muna ta addu'a kada netwok ya ɗauke, sannan ya tafi. Muka sauke numfashi tare. Har na ji wani ɗan daɗi, na ce a raina mun yi maganin abin.

La'asar ta yi, ga dokar shiga gari kafin duhu tana jiranmu, amma Hamma ya ce ba za mu wuce ba mu gaya wa mutumin nan an gane shi ba, ko da zai kwashe kayansa a ranar. Muka koma. Muka same shi inda muka bar shi, ya wanke kifinmu ya jera a kula, ya rufe da ciyawa mai laima. Hamma ya ja shi gefe, muka tsuguna. Ya gaya masa an goge, amma kafin nan wani ya yi magana. Baba ya ce me ya ce. Na maimaita masa, har da sunan.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ya kama hannuna, ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya ce, “Wa ya rubuta? Mace ko namiji?”

Muka dubi juna. Wallahi babu wanda ya duba. Ni kalmomin kawai na gani. Abokina ya ce kamar hoton fure ne a jikin sunan, ko masallaci, bai tabbata ba. Ya buɗe wayar yana lalube, amma hoton ya tafi da duk abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa.

Baba ya ce wannan sunan na cikin gida ne. Matarsa ce ta laƙaba masa, 'ya'yansa suka ɗauka, sai maƙwabta na kusa. Ranar da aka watse garin yana hannun yaran nan, bai san inda matar da 'ya'yansa mata biyu suka yi ba, har yau ko labarin gawa bai samu ba. Hamma ya ce to ai alhamdu lillahi, nasa ne. Baba ya girgiza kai. Ya ce cikin waɗanda suka riƙe masa bindiga a ƙeya akwai ɗan maƙwabcinsa, wanda ya tashi a tsakar gidansa, shi ma da sunan yake kiransa.

Abokina na kuka a fili, ƙato da shi, yana cewa Baba ya yafe masa. Baba bai ma ji shi ba, idonsa na kan wayar. Can ya ce, “Ku mayar da shi.”

Hamma ya ce, “Baba, ka san abin da kake faɗa kuwa?”

“Na sani. Ku mayar. In tawa ce, ta ga an cire, za ta ce gizo idonta ya yi mata.”

“In kuma su ne fa?”

“To su ne.”

Na ji tsoro ƙwarai, kuma na faɗa masa. Na ce ba shi kaɗai ba ne a mashigar, akwai mata masu suya, akwai yara. Ya ce gaskiya ne, shi ya sa ba ya so a san wurin, fuskar kawai. Nan muka tsaya: abokina zai yanke hoton, ya cire kifin, ya cire kansa, ya cire ɗan ruwan da ya leƙo ta gefe, a bar fuskar Baba ita kaɗai, ba suna ba gari. Duk wanda ya yi magana ba za a ba shi amsa ba sai an karanta wa Baba, shi ya san tambayar da zai yi wadda na gida kaɗai zai iya amsawa. Hamma ya sa shi ya yi alkawarin zai gaya wa sarkin ruwa a ranar. Wannan rubutun ma sai da na nemi izininsa, ya ce in yi, in dai ban faɗi inda yake ba.

Mun shigo Gombe ana kiran magariba, da ƙyar muka tsallake kafin a rufe hanya. Sojan safe yana nan, bai manta ba, muka ba shi babbar karfasar abokina, mai ita ko kallonta bai yi ba. A gida aka yi ta murna da kifi, aka raba wa maƙwabta har unguwar Shamaki aka kai wa gwaggonmu. Ni ko taɓa shi ban yi ba.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba mai yawa ba ne, amma ya shiga jikina. Mun iya ɓoye dutse da bishiya don kada a kwashe mana kifi, ba mu iya tambayar mutumin da ke tsaye a bayanmu ko yana so a gan shi ba. A wannan zamani da muke ciki ba ka san abin da wani ya gudo ya bari ba. Ka tambaya kafin ka ɗauka, ka sake tambaya kafin ka ɗora. In kuma tsoro ya kama ka, ka tsaya ka karanta abin da ke gabanka kafin ka goge. Wannan na biyun ni ya fi ci wa rai, don bakina ne ya fara cewa a goge.

Fuskar Baba na kan shafin abokina yanzu. Ya daina ɗora komai don kada wani abu ya danne ta. Ko a shago yake, waya na yin ƙara sai ya zabura, ni ma in ya kira ni sai na ajiye almakashi kafin in ɗauka, don ban san wanne daga cikin biyun zan ji ba. Mutane na ta tambaya wane ne wannan tsoho, ba ya amsawa. Mai sunan nan bai dawo ba.

Baba ba shi da waya. Kullum bayan la'asar sai ya ari ta wani mai awon kifi ya kira ni. Ba ya doguwar gaisuwa. Jiya ma ya kira, na ce masa babu kowa tukuna. Ina jin ƙarar ruwa a bayansa. Sannan ya ce, “Ɗana, hoton ya fito da kyau dai ko? Na rame ƙwarai, kada ta kasa gane ni.”